Ga ɗan'uwan da ke tunanin mayar da 'yarsa gida

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta abin da ka rubuta game da 'yarka mai shekara takwas, wadda 'yan ajinsu suka gaya mata cewa ita ba 'yar Koriya ba ce saboda fatarta da gashinta, har ta daina amsa maka idan ka yi mata Hausa a gaban mutane, kana kuma tambaya ko ka kai ta wurin kakarta a Kano ta yi karatu a can. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ɗana yana da shekara goma sha bakwai yanzu, uwarsa 'yar ƙasar nan ce, wato Koriya ta Kudu, kamar matarka, kuma babu abin da ka faɗa wanda bai shigo gidana ba. Shawarata ita ce kada ka mayar da ita.

Abin da yaran makaranta suke yi yana da ciwo, amma ni abin da ya fi ƙona mini rai daga cikin dangi ya fito. Lokacin da surukata ta cika shekara saba'in aka yi mata biki kamar yadda suka saba, aka tara 'ya'ya da jikoki, aka ɗauko mai hoto. Yarona yana ɗan shekara tara a lokacin, yana sanye da hanbok, wato kayan gargajiyar Koriya, da kakar tasa ta saya masa da kuɗinta, ya kuma kwana yana maimaita gaisuwar da zai yi mata. Da aka zo jeruwa, sai yayan matata, wato kawunsa na jini, ya dafa kafaɗarsa yana murmushi ya ce a fara ɗaukar na iyali tukuna, daga baya a yi na kowa da kowa. Da a ce ni kaɗai ya ware, wallahi da ban damu ba, domin ni baƙo ne kuma na san matsayina. Amma yaron da ƙanwarsa ta haifa, wanda aka yanke wa cibiya a Seoul, shi ya tsayar a gefe kusa da ni, alhali 'ya'yansa suna zagaye da tsohuwar. Babu wanda ya ce uffan. Matata ta fita waje tana kuka, surukata ta sunkuyar da kai, mai hoton ma ya rasa inda zai sa idonsa. Daga baya mutumin nan ya kira matata ya ce wai kada mu ɗauke shi da zafi, hoton ne za a rataye a falo, kuma wata rana dangin wanda zai auri 'yarsa za su gan shi. Har yau wancan hoton ne a falon. Shi ne kuma mutumin da duk Chuseok, bikinsu na girbi, yake ƙorafin cewa ba na shan giya da shi, kuma yaron ba ya kai goshi ƙasa a gaban teburin da suke jera wa magabatansu abinci, alhali a duk jikokin gidan babu wanda ya kai ɗana iya harshen girmamawa idan yana magana da manya. Bai taɓa ba da haƙuri ba, ni kuma ban taɓa mantawa da yadda yaron ya riƙa murza igiyar rigarsa yana kallon ƙasa ba.

Duk da haka ban ɗauke shi daga ƙasar ba. Mun je hutu gida, yaran unguwa suka bi shi suna kiransa ɗan Caina, suna dariyar Hausarsa, ya dawo ɗaki ya tambaye ni to shi ɗan ina ne. Idan ka kai 'yarka can, wannan tambayar za ta bi ta, ga kuma rashin uwa a kusa. Sannan ka san yadda karatun nan yake: yaron da ya bar makarantar Koriya shekara uku ko huɗu, da wuya ya sake kamo sa'o'insa a harshen rubutu, balle ya tunkari suneung, jarrabawar shiga jami'a. Za ta dawo ƙasar haihuwarta ta zama baƙuwa ta gaske, abin da masu tsokanarta suke so ke nan.

Ka zaunar da ita ka gaya mata cewa doka tana bayanta. Kafin 1998 ta wajen uba kaɗai ake gadon zama ɗan ƙasa a nan, amma tun daga wannan shekarar ɗan da uwarsa 'yar Koriya ce shi ma ɗan ƙasa ne cikakke. A da ba a ɗaukar samari masu ruwa biyu aikin soja idan kamanninsu sun nuna, amma daga 2011 ana kiransu kamar kowa, don haka ɗana zai yi wata goma sha takwas yana gadin iyakar ƙasar da kawunsa yake ganin bai isa shiga hotonta ba. Na kuma lura mutanen nan sai ɗan ruwa biyu ya yi suna suke tuna cewa nasu ne. Sai da Hines Ward, Ba'amurke ɗan ruwa biyu da uwarsa 'yar Koriya ce, ya zama gwarzon wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka a 2006 ya zo Seoul da mahaifiyarsa, sannan 'yan siyasa suka fara maganar waɗannan yara, aka yi dokar tallafa wa iyalai masu al'adu mabambanta a 2008, amma har yanzu majalisa ba ta zartar da cikakkiyar dokar hana wariya ba. Duk da haka kai da uwarta ku nuna mata hotunan Han Hyun-min, mai tallan kayan sawa, wanda ubansa ɗan Najeriya ne, ya tashi a Seoul, mujallar Time ta sa shi cikin matasa masu tasiri a 2017. Ku ba ta labarin mawaƙiya Insooni, wadda ita ma ruwa biyu ce, ta sha wannan wahalar tun tana ƙarama, ta kuma buɗe makarantar Haemill a Hongcheon a 2013 saboda irin yaranmu. Ɗana ya daɗe yana ajiye hoton Han a wayarsa.

Game da makarantar, matarka ce ya kamata ta shige gaba, domin malamai sun fi sauraron wanda yake magana da harshensu ba gargada, amma ka raka ta su ga fuskarka. Ku riƙa rubuta ranar da abin ya faru da abin da aka faɗa, kuma idan malamar ajin ta ce wasan yara ne, akwai lambar 117 ta kai ƙarar cin zali a makarantu. Tun da za ku je, ku yi maganar abincin rana ma, saboda naman alade yana shiga miya da abubuwan da ba ka zato, kuma yaron da yake ware abinci kullum shi ma abin tsokana ne idan malama ba ta yi wa ajin bayani ba. Gashinta kuma kada ku bari a miƙar mata da shi da sinadari don ta yi kama da sauran. Akwai matan Afirka masu kitso a unguwar Itaewon da ke Seoul, ku haɗa da zuwa babban masallaci ranar Asabar ta ga yara masu kama da ita.

Hausa kuwa, kada ka matsa mata a bainar jama'a. Ɗana ya yi shekaru ba ya amsa mini sai da Koriyanci, na ci gaba da yi masa Hausa a gida da kiran kakarsa ta bidiyo duk Juma'a, yanzu shi ne yake gyara wa ƙannensa gaisuwa. Ka kuma kula da takardu tun yanzu: mace mai ƙasa biyu tun haihuwa tana da zuwa shekara ashirin da biyu ta zaɓa, ko ta yi alkawarin ba za ta yi amfani da ɗayar ƙasar a cikin Koriya ba ta riƙe duka biyun. Namiji kuwa, idan zai ajiye ta Koriya, sai kafin ƙarshen watan Maris na shekarar da zai cika sha takwas. Idan 'yar taka tana da ƙane, ka rubuta wannan watan a inda ba za ka manta ba.