Tambaya da Amsa: Ɓarayi uku ma ƙungiyar masu laifi ce?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin shari'a ne. A aji muka yi ta gardama: in mutum uku suka haɗa baki suna satar motoci, matsayinsu ɗaya da Mafiya, wato shahararriyar ƙungiyar masu laifi ta Italiya? Malaminmu ya ce a doka haka ne, ni kuwa raina bai kwanta ba.

Amsa: Ɗana, a takarda malaminku ya yi daidai. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka sa wa hannu a birnin Palermo na Italiya a 2000 ta ce ƙungiyar masu laifi ita ce mutum uku ko fiye, masu tsari, da suka ɗauki lokaci suna aiki tare don aikata babban laifi su samu kuɗi ko wani abin duniya. Babban laifi kuwa shi ne wanda hukuncinsa zai iya kai ɗaurin shekara 4 ko sama. Ka ga ɓarayinka sun shiga. An buɗe ƙofar da faɗi haka ne da gangan, don ƙasashe masu dokoki daban-daban su iya miƙa wa juna masu laifi.

Masana kuma sun rabu. Wasu suna tambayar su wane ne: shugaba, mabiya, rantsuwa. Wasu, irin su Peter Reuter, sun bi kasuwannin caca da bashin ruwa na New York, suka tarar yawanci ƙananan 'yan buga-buga ne da ke haɗuwa yau su watse gobe, babu wani uban gayya.

Ni dai a ganina ranka ya gaya maka gaskiya. Ɓarawon mota gudun hukuma yake yi. Mafiya kuwa kujerar hukumar take nema: ta karɓi haraji, ta raba gardama, ta hukunta wanda ya bijire. Italiya ta gane wannan, shi ya sa a 1982 ta yi doka ta musamman wadda ke duba yadda ƙungiya ke amfani da tsoro da kame bakin jama'a, ko da ba a kama ta da kayan sata ba.

Dubi Libero Grassi, mai masana'antar tufafi a Palermo. A Janairun 1991 ya rubuta wasiƙa a jarida, ya shaida wa 'yan Mafiya masu bugo masa waya suna neman kuɗin kariya, wato harajin da ake biyansu don kada su taɓa mutum, cewa ba zai biya ko sisi ba. 'Yan uwansa 'yan kasuwa, da yawansu masu biya a ɓoye, suka ja da baya suka bar shi shi kaɗai. Wannan shirun shi ya fi ci mini rai. Ranar 29 ga Agusta na shekarar, da safe ya fito zai tafi aiki, aka harbe shi kusa da gidansa.

In an tambaye ka a jarrabawa, kawo ma'anar da yarjejeniyar Palermo ta bayar yadda take, sannan ka kawo labarin Grassi a ƙarƙashinta.