Tambayoyinku: Tsumman maikurofaiba da ruwa zalla, sun isa tsaftar gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Agege, ina da yara uku, kuma na tsakiyan yana fama da asma. Duk ranar da na goge ɗaki da maganin goge ƙasa mai ƙarfin wari, ko na zuba bilic a banɗaki, sai ƙirjinsa ya toshe ya kwana yana tari. Wata maƙwabciyata mai sayar da kayan gida ta kawo mini wani tsumma mai laushi, ta ce sunansa maikurofaiba, wai ruwa zalla ya ishe shi, yana kuma kashe ƙwayoyin cuta, har ta ce in zubar da duk sinadaran da ke gidana. Ina son sanin gaskiyar maganar kafin in kashe kuɗina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba yaron lafiya. Maƙwabciyarki ta faɗi gaskiya a rabin maganarta, sai dai a ɗaya rabin bakin kasuwa ya shiga, kuma wannan rabin ne zai iya jawo miki matsala idan kika ɗauke shi yadda ta faɗa.

Tsumman ba na auduga ba ne. Ana saƙa shi da zaren roba iri biyu, foliyesta da nailan, galibi kashi 80 na farkon da kashi 20 na biyun, wasu kuma 70 da 30. Kaurin zare ɗaya bai kai maikuromita 10 ba (maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali silin gashin kan mutum yakan kama daga 50 zuwa 100. A masana'anta ana tsattsaga kowane zare gida-gida, ta yadda zai fito da gefuna da ƙananan kwaruruka da ido ba ya gani, kuma waɗannan su ne ke kankaro datti daga jikin abu su riƙe shi. Zaren tsohuwar riga ko singileti da muka saba yankawa mu yi tsumma da shi kauri gare shi kuma mulmulalle ne, shi ya sa yake tura datti gaba ya bar shatinsa a baya. Bambancin kamar na tsintsiyar kwakwa ne da tsintsiyar laushi a kan tayil: ta farko tana kwashe manyan shara ta bar garin ƙura, ta biyu kuwa tana tattare har garin. A Japan aka bunƙasa sarrafa irin wannan zare, inda wani masani na kamfanin Toray mai suna Miyoshi Okamoto ya fito da yadinsa a 1970, kuma sai a shekarun 1990 amfani da shi wajen goge-goge ya bazu a Turai.

To, ina ne ruwa zalla ya isa? A mafi yawan ayyukan yau da kullum. Madubi, gilashin taga, tayil ɗin falo, teburi, kan firiji, fukafukan fanka, jikin ƙofa da kujerun roba duk za su fita tas ba tare da ɗigon sinadari ba. Ki jiƙa tsumman ki matse shi sosai har ya zama danshi kawai, domin idan ya sha ruwa ya ƙoshi kwarurukan nan sun cika, babu sauran wurin da datti zai shiga. Sannan ki ninka shi biyu, ki sake ninkawa, sai ki sami fuska takwas; da ɗaya ta yi datti ki juya wata, kada ki ci gaba da yawo da fuskar da ta riga ta ɗauki kaya. A watannin Disamba da Janairu, lokacin da hazon hunturu ke saukowa har Legas, ki yi amfani da shi a bushe, saboda gogawar tana tayar da ɗan ƙarfin lantarkin da ke jawo ƙura ta manne. Wannan ya fi karkaɗe kujeru da ƙyalle nesa ba kusa ba, musamman a gidan da ke da mai asma, tun da karkaɗewa tashin ƙurar kawai take yi ta koma iskar da yaro zai shaƙa. Baƙin hayaƙin janareta da ke kwanciya a gilashin taga shi ma yana fita da ɗanyen tsumma, a bi da busasshe.

Yanzu ga inda na saɓa wa maƙwabciyarki. Tsumman nan yana kwashe ƙwayoyin cuta masu yawa daga saman abu, amma ba ya kashe su. Suna nan a raye cikin zarensa har sai an wanke shi, kuma idan kika goge masai da shi kika dawo kan teburin abinci, to kin yi musu jigila ne kyauta. Saboda haka ki sayi launi dabam-dabam, ki ware na banɗaki, na kicin da na falo, ki kuma tabbatar 'yar aiki da manyan yara sun san rabon.

Akwai wuraren da ban yarda a dogara da ruwa zalla ba ko kusa. Katakon da aka yanka ɗanyen nama ko kaza a kai yana buƙatar sabulu da ruwan zafi. Maiƙon manja da ya daskare a jikin murhu ba zai fita ba sai da sabulu, komai kyan tsumma. Masai, fo ɗin yara, da duk inda mara lafiya ya yi amai ko gudawa suna buƙatar bilic, wato abin da aka fi sani a kasuwa da Hypo ko Jik, a sirka shi da ruwa yadda aka rubuta a jikin robar. Ba mu manta ba cewa a watan Yunin 2024 hukumomin lafiya sun sanar da ɓarkewar kwalara a Legas, kuma a gidajen haya na ɗaki-ɗaki, inda iyalai da yawa ke amfani da banɗaki ɗaya, zubar da bilic gaba ɗaya ganganci ne. Abin da ya dace da halin yaronki shi ne ki rage shi, ki taƙaita shi ga waɗannan wurare, ki yi aikin bayan ya tafi makaranta, tagogi a buɗe, ki ɗauraye da ruwa mai yawa. Kada ki taɓa haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid, ko da ruwan tsami na binega, domin haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu, wadda ko mai lafiya tana iya kayar da shi. Mata da yawa suna yin wannan haɗi da zaton ƙarfin wankin zai ninku. Maganin goge ƙasa mai wari kuwa za ki iya barinsa kwata-kwata a ɗakunan kwana, domin ƙamshi ba shi ne tsafta ba.

Ki kuma kiyaye batun najasa. Idan yaro ya yi fitsari a tayil, gogewa da ɗanyen tsumma tana iya gusar da alama, amma a mazhabar Malikiyya da ruwa tsarkakakke ake gusar da najasa, don haka sai an zuba ruwan an wanke kafin a shimfiɗa darduma. Tarin yaron kuma ki kai shi gaban likita, ki gaya masa abin da kika lura da shi.

Tambaya: Na sayi irin wannan tsumma guda huɗu, da farko suna aiki sosai, amma tun shigowar damina suka fara wari, kuma yanzu ba sa shan ruwa, shafa shi kawai suke yi. Ko lalacewa suka yi? Daga wata ɗaliba a Idi-Araba.

Amsa: 'Yar'uwa, mai yiwuwa ba su lalace ba, toshewa suka yi. Abin da ya fi toshe su shi ne ruwan ƙamshin nan na tausasa tufafi, domin yana lulluɓe zare da wani santsi, ya cike kwarurukan da ke yin aikin. Sabulun da ba a ɗauraye sosai ba shi ma haka yake yi. Ki jiƙa su a ruwan ɗumi da ɗan omo kaɗan, ki cuɗa, ki ɗauraye har ruwan ya daina kumfa, kuma ki wanke su su kaɗai, domin idan suka haɗu da tawul ko kayan auduga sai su kwashe burbushin audugar su riƙe. Kada ki yi musu guga, kada ki shanya su kusa da wuta, saboda roba ce, zafi mai yawa yana narkar da bakin zaren, kuma wannan lalacewa ba ta gyaruwa. Yawan jiƙa su a bilic ma yana cinye nailan ɗin da ke ciki.

Warin kuwa na danshi ne. A Legas, daga Afrilu zuwa Yuli iska kanta jiƙe take, kuma tsumman da aka dunƙule aka jefa a bokiti ko a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ba zai bushe ba, sai funfuna da ƙwayoyin cuta su hayayyafa a cikinsa. Ki wanke shi a ranar da kika yi aiki da shi, ki baza shi a igiya inda iska ke kaɗawa, idan ruwan sama ya hana ki rataye shi a gaban fanka. Wanda ya riga ya yi baƙin ɗigo-ɗigo na funfuna kada ki mayar da shi kicin.

Tambaya: Ina wankin mota a Mile 12. A kasuwa kowane mai shago cewa yake tsumman maikurofaiba nasa ne na asali. Yaya zan bambance?

Amsa: Malam, hannunka zai gaya maka. Ka shafa tsumman a bayan hannu ko a tafin da ya ɗan bushe: wanda aka tsattsaga zarensa zai riƙa kama fata yana ɗan maƙalewa, wanda ba a tsaga ba kuwa sulɓi yake yi kamar yadin riga. Idan mai shago ya yarda, ka ɗiga ruwa a kan teburi ka ɗora gefen tsumman, na kirki zai zuƙe shi nan take. Ka duba takardar jikinsa ka ga ko an rubuta haɗin zaren biyu, domin na foliyesta zalla ba ya shan ruwa sosai, kuma idan an rubuta nauyi, mai giram 300 zuwa sama a kowace murabba'in mita ya fi dacewa da jikin mota. A Balogun da Oke-Arin ana samunsa a dozin, ya fi sauƙi a kan sayen ɗai-ɗai a hannun masu talla a cikin cunkoson motoci.

Ƙarfinsa na riƙe datti yana iya zame maka asara a sana'arka. Idan ya faɗi ƙasa ya ɗauki yashi, ba zai sake shi da karkaɗewa ba, kuma wannan yashin zai zana fentin motar mutane. Ka ajiye shi gefe sai an wanke, ka ware na taya dabam da na fenti da na gilashi. Ka kuma sani cewa duk wanki yana zubar da ƙananan zaruruwan roba da ke bin kwata su ƙare a kogin Legas da teku, don haka gara ka sayi nagari guda shida da za su daɗe a hannunka, da ka riƙa sayen mai araha kana yarwa duk mako.