Hajiya, waƙar nan ba ta kishiya ba ce

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce 'yarki na bin wata waƙar Turanci, mawaƙiyar na cewa mutum biyu take so kuma duk sun san da juna, kina tambaya ko zancen kishiya ne. Na daɗe ina tura waƙoƙi a waya a wani ɗan shago a Samaru, kusa da ƙofar ABU, mun sha warware irin waɗannan baitoci da ɗalibai a kan benci, shi ya sa zan sa baki.

Abin da mawaƙiyar take nufi sunansa foliyamori, kalmar da ta ɓullo a Amurka wajen 1990, aka haɗa "da yawa" na Girkanci da "so" na Latin. Mace ko namiji ya yi soyayya da fiye da mutum ɗaya da sanin kowa, ba lallai da aure ba. Namu kuwa da waliyyi, da sadaki, da shaidu, da rabon kwana, iyaka mata huɗu. Hanyar jirgi daban, ta mota daban.

Inda aka fi tuntuɓe wajen fassara waƙoƙin Turanci shi ne "kai" da "ke". Bature "you" kawai zai ce ya wuce, Bahaushe kuwa dole ya zaɓa, ina sonka ko ina sonki. Na taɓa fassara wa mai shayin layinmu waƙa guda da "ke", yana ta kaɗa kai wai budurwarsa zai tura wa. Sai wata ɗaliba ta miƙo mana bidiyon: namiji ke rerawa, namiji ake yi wa. Ya ajiye ludayinsa bai ce uffan ba. Ni na cusa "ke" ɗin, babu ita a waƙar.

Haka "they": wasu na faɗarsa ga mutum ɗaya da ba ya kiran kansa mace ko namiji, har ƙamus ɗin Merriam-Webster ya zaɓe shi kalmar shekarar 2019. Kika ce "su", sai ki zaci taron masoya ne. Amma kada a yi saurin zargi, mawaƙan Larabawa ma "habibi" suke cewa, lafazin namiji, alhali mace suke nufi.

Ni dai da za ki ji tawa, kada ki fara da ƙwace waya. Ki sa ta rubuto baitocin, ku zauna bayan isha'i, ki tambaye ta wa ake yi wa waƙar. Yawancin yaran da na gani kiɗan suke bi. In wani baiti ya shige muku duhu, ki turo shi nan.