Abin da Ya Sa Farin Ɗigo Ya Dawo Jikin Kifi Bayan Magani

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa fararen ɗigon da suka fito wa kifayen ado na tankin gilashin da na bar maka suka ɓace kwana uku da zuba magani, ka dakata, sannan ba a yi mako guda ba suka dawo fiye da na farko, har ka fara zargin ko maganin jabu ne. Maganin ba shi da laifi, kuma ɓacewar da ka gani ba aikinsa ba ce. Da ba ka zuba komai ba, da ɗigon nan sun ɓace a daidai wannan lokaci, domin haka rayuwar ƙwayar da ke haddasa su take tafiya.

Ƙwayar nan halitta ce mai tantani ɗaya, wadda masana ke kira Ichthyophthirius multifiliis tun lokacin da wani Bafaranshe mai suna Fouquet ya bayyana ta a 1876. Ɗigon da kake gani kamar an barbaɗa wa kifi gishiri ba a saman fata yake ba. Ƙwayar ta kutsa ƙarƙashin fatar ne ta zauna tana ci, tana girma har ta kai kusan milimita 1, fatar kifin kuma ta lulluɓe ta, saboda haka duk abin da ka zuba a ruwa ba ya isa gare ta. Idan ta ƙoshi sai ta fasa fatar ta faɗo ƙasa, ta manne a tsakuwa ko ganye ko jikin gilashi, ta kewaye kanta da kumfa mai yauƙi, ta yi ta rarrabuwa a ciki har ƙwaya ɗaya ta zama ɗaruruwa, wani lokaci har dubu. A ranar da ka ga kifayen sun yi tsaf ka yi murna, cutar tana cikin tsakuwa tana hayayyafa. Ka kashe maciji ne ba ka sare kansa ba.

Daga cikin kumfar nan ne 'ya'yan ke fitowa suna iyo suna neman kifi, kuma wadda ba ta samu ba cikin kamar kwana 2 mutuwa take yi. Wannan ɗan tsakanin ne magani ke kama su, alhali ido ba ya ganinsu. Tun da yake ƙwayoyin ba rana ɗaya suka shiga jikin kifi ba, ba kuma rana ɗaya za su fito ba, dole maganin ya kasance cikin ruwa yana jiransu har ta ƙarshe ta fito. A ruwa mai digiri 25 zagayen yana cika cikin kusan mako guda, a ruwa mai sanyi kuwa yana iya jan makonni. Ni nakan yi kwana 10 zuwa 14 ina magani, kuma ba na dakatawa sai an yi aƙalla kwana 4 ban ga ɗigo ko ɗaya ba.

Kafin ka sake zuba komai, ka buɗe matatar ruwan ka cire gawayin da ke ciki, domin aikinsa tsotse sinadarai ne, kuma ba ya bambanta magani da datti. Na taɓa yin kwana biyar ina zuba magani a wani tanki, ina mamakin yadda shuɗin ruwan ke washewa kafin gari ya waye, ashe jakar gawayi ce na manta a bayan soso. Soson kuwa ka bar shi a wurinsa, matatar ta ci gaba da aiki, saboda ƙwayoyi masu amfani da ke zaune a cikinsa su ne ke sarrafa gubar kashin kifi. Daga nan ka sa tiyo ka zuƙe tsakuwar ƙasa, ka fitar da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ka mayar da sabo wanda aka cire wa kulorin kuma zafinsa ya yi daidai da na tankin. Ka riƙa yin haka kafin kowane zubi, domin kowace kumfa da tiyo ya ɗauke ɗaruruwan ƙwayoyi ne ka rage.

Yawancin magungunan wannan cuta haɗin sinadaran malakait girin ne da fomalin, wasu kuma na tagulla ne. Ka bi abin da aka rubuta a jikin kwalba, amma ka yi lissafi da ainihin ruwan da ke ciki, domin tankin da aka ce na lita 100 ne ba ya ɗaukar lita 100 bayan an zuba tsakuwa da duwatsu. Kifaye marasa ɓawo, irin dangin tarwaɗa, ba sa jure cikakken awo, saboda haka idan suna ciki ka fara da rabi kana lura da su. Mai tagulla yana kashe katantanwa da jatan lande, kuma ni ba na son sa a hannun mai koyo, domin tazarar da ke tsakanin awon da ke kashe cuta da wanda ke kashe kifi kaɗan ce. Malakait girin kuma kada ya kusanci kifin da za a ci, ƙasashe da yawa sun haramta shi a kiwon kifin abinci. Idan ka zaɓi gishiri, ka sa tsantsarsa, giram 2 zuwa 3 a kowace lita, ka narkar da shi a bokiti ka zuba kaɗan-kaɗan cikin kwana biyu, tare da sanin cewa tsirrai za su sha wahala. Gishiri ba ya bin tururi, don haka sai ruwan da ka zuƙe kawai za ka mayar wa gishirinsa.

Maganar zafi ita ce inda masu sana'ar ke saɓani. Ƙara zafin ruwa zuwa digiri 28 ko 30 yana hanzarta zagayen, ƙwayoyin su fito da wuri su tarar da magani, kuma wasu suna dogara da zafi kaɗai. Ni ba na dogara da shi, domin akwai nau'in da ke jure shi. Idan za ka ƙara, ka ƙara digiri 1 ko 2 a rana, kada kuma ka yi wa kifin zinare, wanda na ruwan sanyi ne. Abin da zai fi ba ka matsala shi ne ƙarancin iska: ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa, fomalin yana ƙara rage ta, ƙwayar kuma tana shiga gaɓoɓin numfashin kifi inda ba ka ganinta. Kifin da ka tarar yana haki a saman ruwa, ko ya tsaya bakin matata fikafikansa a manne, yana iya mutuwa ba ɗigo ko ɗaya a jikinsa. Ka kunna famfon iska dare da rana muddin ana magani.

Ka kuma tabbata abin da kake gani. Namijin kifin zinare yakan fitar da ƙananan fararen ƙuraje a murfin wurin numfashinsa da gaban fikafikan ƙirji lokacin barbara, a jere suke, kuma ba cuta ba ne. Na wannan cuta a warwatse suke, sun fi fara bayyana a jela da fikafikai, kuma tun kafin su fito za ka ga kifin yana goga jikinsa a dutse da sauri kamar mai sosa ƙaiƙayi.

Game da yadda cutar ta shigo, sababbin kifayen nan uku da ka zuba kai tsaye nake zargi, ko ragar da ka tsoma a tankuna biyu tana jiƙe. Duk sabon kifi ya yi mako 4 a ƙaramin tankin keɓewa, kowane tanki kuma da ragarsa da tiyonsa. Wannan tankin da ya riga ya kamu kuwa dukkansa za ka yi wa magani, kada ka ware mai ɗigo kawai, domin cutar tana cikin ruwan. Gobe da safe ka cire gawayi, ka zuƙe tsakuwa, ka zuba awon farko, ka rubuta ranar a jikin gilashin, daga nan za mu fara ƙirga kwana 14.