Talo-talo da sunan "turkey": zabo ne ya jawo masa

Wa alaikumus salam. Malam, ka tambaya ko daga Turkiyya talo-talo ya fito, tunda Turawa na ce masa "turkey". Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare, kuma da wuya a rufe shekara wani yaro bai ɗaga hannu ya yi mini wannan tambayar ba. Amsar ita ce a'a. Sunan ma na zabo ne, aka ɗora wa talo-talo.

Talo-talo asalinsa nahiyar Amurka, mutanen Meziko ne suka daɗe suna kiwonsa, sai a farkon ƙarni na 16 Sifaniyawa suka kai shi Turai. A lokacin mutanen Ingila suna kiran zabon Afirka "turkey cock", don a ganinsu ta hannun fataken daular Usmaniyya yake zuwa musu (ta Turkawa nake nufi, ba tamu ta Sakkwato ba). Da baƙon tsuntsu ya iso, kansa ba gashi kamar na zabo, sai suka haɗa su suna ɗaya. Daga baya zabo ya koma "guinea fowl", wato kazar Gini, talo-talo kuma ya riƙe sunan aro. Ni da na yi kiwon su biyun a gida, har yau ina mamakin idon da ya rikita su. Kukansu kaɗai ya isa!

Ba Ingila kaɗai ba ce. Turkawa na ce masa "hindi", Faransawa "dinde", duk suna nufin Indiya. A Fotugal "peru", sunan wata ƙasa a Kudancin Amurka, Larabawa kuma zakaran Rum. Kowa ya jingina shi da wata ƙasa mai nisa. Har Linnaeus, masanin dabbobi da tsirrai ɗan Sweden, a 1758 ya ba shi sunan kimiyya Meleagris, wanda a tsohon Girkanci sunan zabo ne. A 2022 kuma Turkiyya ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta koma rubuta sunanta Türkiye maimakon Turkey.

Wajen amfani da kalmar sai ka lura. Ba'amurke in ya ce fim "turkey" ne, yana nufin bai yi kasuwa ba. In kuma ka ji an ce wani ya bar taba "cold turkey", babu ruwan nama mai sanyi a ciki, ya daina ne lokaci guda ba tare da ragewa sannu a hankali ba.