Tambaya da amsa: Yaya mai ƙaramin kanti zai gane tattalin arziki ya fara karyewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙaramin kantin kayan masarufi nake da shi a Zariya. A rediyo yau in ji an ce tattalin arzikin ƙasa yana bunƙasa, gobe in ji wani masani ya ce mun shiga matsi. Ni ban san lissafinsu ba. Waɗanne alamu mutum irina zai duba a unguwarsu ya gane abin ya karye da gaske, ba kukan "babu" da muka saba ba ne kawai? Allah ya ƙara basira.

Amsa: Wa alaikumus salam. Amin, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Su biyun da kake ji kowa da abin da yake aunawa, shi ya sa bakinsu ba ya zuwa ɗaya. Masu lissafin ƙasa ba sa cewa tattalin arziki ya karye sai jimillar abin da ƙasa ta samar, tun daga noma da mai har sufuri da sadarwa, ta ragu a wata uku, ta sake raguwa a wata ukun da ke biye. Da wannan ma'auni, sau biyu abin ya auku a Najeriya a shekarun baya-bayan nan. Na farko a 2016, bayan gangar ɗanyen mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a Janairun 2016, ga kuma fasa bututu a Neja Delta. Na biyu a 2020 lokacin kullen korona, inda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce an sami raguwar kashi 6.1 cikin ɗari tsakanin Afrilu da Yuni. Amma 2023 da 2024, shekarun da magidanta da yawa za su rantse ba su taɓa ganin irinsu ba, alƙaluma ƙaruwa suka nuna, ta wajen kashi 3 a kowace shekara. Ba ƙarya aka shirga ba. Bankuna da kamfanonin waya suna iya ɗaga jimillar sama alhali abin da ake ɗorawa a murhun gidanka raguwa yake yi.

Abin da kowa ke fara nunawa shi ne farashi, ni kuwa a ganina shi ne alamar da ta fi yaudara. Kowa ya san abin da ya biyo bayan 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai: litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a Oktoban 2024. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Duk da haka tsada ita kaɗai ba ta isa hujja ba. Kaya suna iya tsada kasuwa na ci, idan kuɗin da ke shigo wa mutane ma tashi suke yi. Ga hatsi kuma duk damina sai ya hau, da kaka ya sauko, sukari da gero su motsa gab da azumi. Wannan ɗabi'ar shekara ce.

Kai da ke da kanti, ka daina ƙirga naira, ka ƙirga kaya. Cinikin ranarka yana iya ninka na bara a kuɗi, amma katan nawa na taliya ke ƙarewa a sati? Buhun sukarin da kake ƙarar da shi a kwana goma yanzu kwana nawa yake yi? In kuɗi sun ƙaru kaya sun daɗe a kanta, to baya kake ci, sai ranar da ka je saro kaya za ka ga jarin bai ɗauko abin da ya saba ɗaukowa ba. Sannan ka lura da yadda awo ke ƙanƙancewa. Mai sayen buhu ya koma tiya, mai tiya ya koma gwangwani, mai gwangwani ya ce a ƙulla masa na ɗari biyu. Madarar gwangwani ta ba wa ta leda wuri, man gyaɗa ya bar kwalba ya koma cokali, nama ya zama awara, tukunyar gas ta koma lungu an dawo wa gawayi. A farkon 2024 a Kano har afafata, wato ragowar shinkafar da masu casa kan ware a sayar wa masu kiwon kifi, mutane suka riƙa saye suna dafawa. Idan abincin da aka raina jiya ya sami layi yau, ba sai an jira rahoton kowa ba.

Amma babbar shaidarka tana nan cikin durowa, wato littafin bashi. Bashi a kanti ba sabon abu ba ne, don haka kada ka tsaya kan yawansa. Duba wa ke karɓa, kuma yaushe. Ma'aikacin da a da sai ashirin da biyar ga wata yake aiko yaro a rubuta masa, in ya fara aikowa tun goma ga wata, albashinsa ya daina kai shi gaci. Wanda ya saba share bashinsa ranar da albashi ya shiga, in ya koma kawo rabi yana cewa a ɗora sauran a kan na gaba, mataki na biyu ke nan. Na ukun ya fi ciwo: mutumin kirki ya sauya hanya don kada ya bi ta ƙofar kantinka, ya tafi wani kanti ya buɗe sabon shafi. Ranar da ka ga sunayen mutanen da ba ka taɓa zaton za su nemi alfarma ba sun shiga littafin, malamin makaranta, ɗan fansho, tela mai yara a shago, to matsin ya bar gidan talaka tilis ya hau sama. Haka aka gani a 2015 da 2016, lokacin da jihohi da dama suka kasa biyan albashi na watanni har Gwamnatin Tarayya ta kai musu ɗauki. Masu kanti da masu awo ne suka riƙe gidajen ma'aikata a wancan lokaci, wasu kuma jarinsu a nan ya tafi.

Ka waiwaya ta sama ma. Ko a Sabon Gari kake saro kaya ko a kasuwar Singa ta Kano, uban gidan da ya saba ba ka kaya ka sayar ka kawo kuɗi, in ya ce yanzu sai kuɗi hannu, ba lallai ya daina yarda da kai ba. Shi ma bai san nawa zai sake sayo kayan gobe ba, ga banki ya yi tsada, tunda Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Adashi ma haka. Da zarar waɗanda suka riga suka kwasa sun fara fashin zubi, uwar adashi ta shiga bi gida-gida, kuɗi sun ɓuya a unguwar.

Sai abin da mutane ke fitarwa su sayar. Tambayi dillaliya, ta fi ni sani. Da farko abin ado ne ke fita, atamfar da ba a ɗinka ba, ɗan kunnen gwal, talabijin ta biyu. Wannan da sauƙi. Abin tsoro shi ne a fara sayar da abin da ake neman abinci da shi: keken ɗinki, injin markaɗe, babur ɗin haya, shanun huɗa, ko gona sukutum. Mai yin haka ya ci abincin baɗi a bana.

Gini kan riga kowa tsayawa, don shi ake iya jinkirtawa. In ka ga kangaye sun kai linta sun tsaya har ciyawa ta fito a ciki, leburori kuma suna zaune da shebur da diga a inda suke jiran aiki har azahar babu wanda ya ɗauke su, ka rubuta. Tela ya fi samun gyara a kan sabon ɗinki, 'yan gwanjo su yi kasuwa, a cire yara daga makarantar kuɗi, mara lafiya ya tsallake asibiti ya je kemis ya ce a ba shi na kwana biyu. Wannan na ƙarshen yana damuna ƙwarai, domin rabin magani yakan dawo da cutar da tsadar da ta fi ta farko.

Kada kuma yawan sana'a ya ruɗe ka. A ƙasarmu wanda ya rasa aiki ba ya zama a gida, ba wanda zai ciyar da shi. Teburin POS zai kafa, ko ya ɗauki adaidaita sahu, ko matarsa ta fara suyar awara a ƙofar gida. Layi ɗaya sai ka ga masu sana'a iri ɗaya biyar suna raba cinikin da bai ishi mutum biyu ba. Alƙaluman rashin aiki ba sa kama wannan. Hukumar Ƙididdiga ta ce kashi 33.3 ne a ƙarshen 2020, da ta sauya hanyar lissafi a 2023 sai ya koma 4.1, saboda yanzu ko awa ɗaya mutum ya yi aikin samun kuɗi a mako, mai aiki ne.

Akwai abubuwan da kan yi kama da karaya amma daban suke. Sanyin kasuwa bayan Sallah, ko a watan da ake biyan kuɗin makaranta, duk shekara ne. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 da canjin naira ya jawo, kuɗin suna banki, hannu ne ba su kai ba. Shi ya sa nake ba ka shawara ka ware shafi guda, duk ƙarshen wata ka rubuta yawan katan da buhun da ka sayar da jimillar bashin da ke waje, kuma ka gwada Yulin bana da Yulin bara, ba da Yunin da ya wuce ba.

Saukar farashi ma ka yi mata kallon tsanaki, musamman a gari irin Zariya da manoma suka kewaye. A 2025 masara da shinkafa sun sauko, na birni ya ɗan sarara, amma taki bai sauko tare da su ba. Manomin Giwa ko Soba da ya sayar da masara bai fitar da kuɗin taki da na ƙwadago ba, ba zai ɗaga gini ba, ba zai yi wa 'yarsa kayan ɗaki a kan lokaci ba, baɗi kuma zai rage gona. Magini da kafinta da telan da ke jiran kuɗinsa su ne masu sayayya a wurinka, don haka in hatsi ya faɗi warwas da kaka, ka rage yawan kayan da za ka saro na watannin da ke biye, ka kuma sa wa kowane mai karɓar bashi iyakar da ba zai wuce ba.