Amsa ga Alhaji kan asalin surukarsa a tsibirin Lewis

Salamu alaikum jama'a. Alhaji, na saurari saƙonka tun jiya, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce matar ɗanka kakanta mutumin tsibirin Lewis ne a Sikotland, sunan gidansu MacLeod, kana tambaya ko gwajin DNA ɗin nan da ake tofa yawu a kwalba zai fito muku da asalinsu saboda jikoki. Ni dai abin da na fahimta, salsala kake nema, wane ya haifi wane. To gwajin nan ba zai jero maka sunaye ba, ka riƙe kuɗinka tukuna.

Kuma sunan MacLeod kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. A Lewis ka ce kana neman Donald MacLeod, kamar ka shiga Kano ne kana cigiyar Malam Muhammadu. Abin da za ka fara tambayarta shi ne sunan ƙauyen, sai lambar gonarsu, don 'yan gonakin nan nasu kowace da lambarta. Sai laƙabi. A yarensu na Gaelic wane ɗan wane ɗan wane suke kiran mutum, sak irin namu, kuma kusan kowane gida da laƙabin da aka san shi da shi.

Takardu kuwa, ka shiga ScotlandsPeople, shafin hukumar adana takardu da ke Edinburgh. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati daga 1855 ta fara. Ka soma da takardar haihuwa... a'a, tsaya, ta mutuwa za ka fara nema, don su can suna rubuta sunan uban mamaci da na uwarsa, har sunan gidan su uwar kafin aure. Takarda ɗaya ta ba ka mutum uku ke nan. Akwai ƙidaya ma, daga 1841 har 1921. Kafin 1855 sai littattafan coci, a Lewis kuwa wasu sai bayan 1800 aka fara rubuta su.

Amma ka kula da sunaye, don nan na sha wuya a kan dangin uwargidana. Magatakarda da Turanci yake rubutawa. Tormod ya koma Norman, Murchadh ya koma Murdo, mace mai suna Oighrig a nan a sa Effie, a can a sa Euphemia. Haka kakar uwargidana ta ɓace mana wata da watanni. Sai ga wani a intanet ya ɗauki tsohuwar nan ya liƙa wa wani gida daban, ya aurar da ita ga mutumin da ba ta taɓa gani ba, jama'a suka yi ta kwafa. Sau uku ina rubuta masa, na tura masa hoton takardar, ko uffan. Har yau kuskuren yana nan, kuma wallahi abin yana ci min rai, uwar wasu ce fa. Sau uku, Alhaji!

Da ƙafa muka warware shi. Muka hau jirgin ruwa daga garin Ullapool zuwa Stornoway, babban garin Lewis, awa biyu da rabi, muka wuce Ness can arewa, wajen ƙungiyar tarihin yankin, Comunn Eachdraidh Nis. Wata dattijuwa ta sa tabarau, ba ta ko kalli takardunmu ba, laƙabin gidan ta tambaya. Uwargida na faɗa, sai ta miƙe ta ɗauko fayil har da hoto. Uwargida ta kasa magana, sai hawaye.

Idan kun ga namiji ya mutu ranar 1 ga Janairu 1919, ku duba jerin mutanen Iolaire, jirgin da ya nutse a bakin Stornoway da mutum sama da 200 masu dawowa daga yaƙin duniya na ɗaya. Wanda ya ɓace a 1923 kuma, ku neme shi a Kanada, jirgin Metagama ya kwashi samari da yawa a shekarar.

Ka tambayo surukar taka sunan ƙauyen ka turo min, zan duba da daddare in Allah ya yarda. Au, in za su je, kada su sa ranar Lahadi, kusan komai a rufe yake.